Farar Rigar Baba Silas

Motar safa ta ajiye ni a tashar Greensboro ta Amurka da hantsi, ina sanye da kwat ɗin da tela ya rantse mini cewa irinta Turawa ke sawa lokacin sanyi. Ko dai telan bai taɓa jin sanyi ba, ko kuma Turawan da ya sani na cikin hoto ne. Gidan talabijin na jiharmu ne ya turo ni koyon ɗaukar fim, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ke da ƙarfin tura mutum ko'ina amma ba ta da lokacin tambayar ko ya isa. Ba wanda ya zo tarya ta. Na zauna a kan akwatina ina kallon titi, har wani dattijo mai shara ya gaji da kewaye ni da tsintsiya, ya tambayi inda za ni, ya tsayar mini da tasi.

Ɗakin da na fara kamawa na wani mutum ne mai yawan fara'a. Ya nuna mini wani ƙarfe a jikin bango, ya buga shi da hannu, ya ce shi ke ɗumama ɗakin. Har na bar gidan ƙarfen nan bai taɓa yin ko ɗumin hannu ba. Duk sanda na yi magana sai ya yi murmushi ya ce ai mutanen Afirka sun fi kowa jin sanyi, zan saba. Na riƙa kwana da kwat da safa. Abincina burodi ne da kifin gwangwani, domin duk naman da na kalla a kanti sai in ga kamar alade ke kallona.

A wani kanti ne kuma na ji wani ya ɗaga kuɓewa yana cewa da Hausa, "Kai, wannan ai zalunci ne!" Na bar kwandona na bi muryar. Malam Haruna ke nan, mutumin Funtuwa, yana digiri na uku a fannin noma. Bai tambaye ni komai ba bayan sunana da garinmu, ya sa ni a mota ya kai ni gidansa. Matarsa, Anti Rakiya, ta tuƙa tuwo da wani garin kwali da Amurkawa ke dama wa jarirai, ta yi miyar kuɓewar nan da aka zaga. Kewar gida ta kama ni har na kasa haɗiye lomar farko. Ita ta gani, ta tashi kamar za ta ɗebo ruwa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Akwai abin da ban gaya musu ba a ranar, kuma ban gaya wa kowa a ofis ba can gida. Ni ɗan makaɗi ne. Mahaifina mai gurmi ne, 'yan kokawa yake wa kiɗa, kuma na iya matsa tsirkiya tun kafin in iya riƙe fensir. Shi da kansa ya kai ni boko, ya ce ba ya son in ƙare rayuwata a bakin fili ina jiran wanda aka kayar ya tuna da ni. Da na sami aiki na rataye gurmina a ɗakin Inna, na sayi agogo, na zama Malam Sa'idu na talabijin. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Wata rana a aji malaminmu ya kashe fitila ya sa mana wani ɗan guntun fim mai fari da baƙi. Wani tsoho ne baƙar fata a zaune a barandar gidan katako, da jita a cinyarsa. Malamin yana ta bayanin inda aka dasa kyamara da yadda haske ya sauka a kafaɗar tsohon. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Tsohon yana jan waƙa ya saki, jitar ta amsa masa, ya sake ja, ta sake amsawa, muryar tana karyewa daidai inda ta mahaifina ke karyewa idan kokawa ta watse ya zauna shi kaɗai a ƙofar gida. Da aka kunna fitila na tambayi na kusa da ni sunan wannan kiɗa. Ya dube ni da mamaki ya ce buluz.

Daga ranar na zama ɗan gida a ɗakin ajiyar finafinai na makaranta. Matar da ke kula da wurin ta kai ga in ta hango ni sai kawai ta ɗauko faifan ta ɗora a inji ba tare da na buɗe baki ba. 'Yan finafinan buluz da suke da su ba su cika hannu ba, na kalle su har na san inda kowanne ya karce. Malamin ya ce mana makaɗa irin waɗannan sun cika ƙauyukan jihar da makarantar take a da, amma kaɗan ne aka ɗauka a fim, sauran sun mutu da kiɗansu a hannu. A shekarar ƙarshe ana ba kowane ɗalibi aron kyamarar makaranta da ɗan fim a aune, ya ɗauko abin da zai kammala karatu da shi. Tun a wurin na yanke abin da zan yi da nawa. Zan nemo tsoho guda mai wannan kiɗa, in sa shi a fim kafin ya bi sauran.

Na sayi jita a wani shagon jingina a titin Elm. Mai shagon ya kaɗa mini ita sau biyu da sauri ya miƙo. Sai da na isa ɗaki na ga wuyanta a lanƙwashe yake, wayoyin sun yi nesa da katako, in ka matsa sai yatsa ya nemi tsagewa. Na mayar, ya nuna mini ƙofa cikin ladabi. Da ita na koya.

A shekara ta biyu, wadda ita ce ta ƙarshe, alawus ya fara zuwa yadda ya ga dama, na nemi aikin ɗaukar kwali a wani sito a hanyar Wendover. A nan na haɗu da Loreta, wata baƙar fata da ta girme ni, mai liƙe kwalaye, wadda ba ta da lokacin wasa da kowa. Ranar nan muna hutun rana ina kaɗa gefen kwali da yatsu ina gunguni, ta ajiye abincinta ta ce, "Kai ɗan Afirka, a ina ka samo wannan?"

Na ce a fim.

"A fim? Ubana ya hana mu barci da shi tun ina goye. Yana can McLeansville yana yi wa kaji."

Sai da na bari kwana biyu suka wuce, don kada in yi azarɓaɓi, sannan na same ta na ce ina roƙon arziki, ta isar mini da saƙo wurin Baba. Ni ɗalibi ne, ina son in ɗauke shi a fim, in ya yarda, a lokacin da ya ga dama. Washegari ta ce ta gaya masa, ya ce in zo ran Asabar.

Bas ba ta zuwa McLeansville, Loreta ce ta ɗauke ni a motarta. Gonaki ne da gidaje ɗaiɗai, kowane gida ya juya wa ɗan'uwansa baya. Mun tarar da mahaifinta, Baba Silas, a baranda, dogo, siriri, yana sanye da farar riga mai dogon hannu da ta sha sitaci, an ɓalla maɓallanta har wuya, da hula a ka. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Tashi, ɗana. Ba a durƙusa wa kowa a gidan nan. Mun yi wanda ya ishe mu."

Na miƙe, amma ban iya hawa kujera ba, na zauna a matakala. Na miƙa masa goro biyu da Malam Haruna ya ciro mini daga 'yar ajiyarsa. Ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, ya sa sauran a aljihu don kada ya kunyata ni. Ya dubi hannuwana, ya leƙa motar, ya ce, "Abin da ka zo da shi ke nan?"

Kunya ta kama ni, na ce a raina lalle goron ya yi kaɗan. Asabar ta gaba na zo masa da sukari da ganyen shayi.

Amma ya yi kiɗa a ranar. Babban yatsansa na dama yana tafe a kan wayoyin sama ba ya tsayawa, shi ne gangar, manuninsa yana tsintar waƙar a ƙasa. Hannun hagu kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ko a finafinan nan. Wani lokaci ya matsa da yatsu, wani lokaci ya zaro wuƙar aljihu ya riƙa zamar da bayanta a kan wayoyin, jitar ta yi kuka kamar mace a gidan rasuwa. Ban san sanda na fara yi masa amshi a hankali ba, domin a gidanmu ba a barin mawaƙi ya ja waƙa shi kaɗai. Ya kalle ni ta ƙarƙashin hula, ya ci gaba, ya riƙa bar mini gurbi.

Haka Asabar ta zama ranarmu. In zo, in gaishe shi a tsaye yadda ya ce, in share baranda, in ɗauko masa jita da hannu biyu, in zauna a matakala ina kallon yatsunsa. In na koma ɗaki in kwaikwaya a kan tawa mai karkataccen wuya. Kullum kuma yana cikin farar rigar nan, a goge, har wuya, ko da zafi ya sa kaji sun buɗe baki. Na ce a raina tsohon nan ɗan gayu ne.

Maganar fim kuwa ban sake tayar da ita ba, kuma a ganina daidai nake. A wurinmu in ka aika wa babba saƙo ta bakin nasa, ya ji ke nan. Maimaitawa matsi ne, matsi kuma raini. Kai dai ka yi ta zuwa gaisuwa, ranar da ya gamsu da kai zai ce je ka ɗauko kayanka. Na taɓa ganin mahaifina ya bar wani ma'aikacin rediyo yana sintiri tun daga shuka har girbi kafin ya ce masa ya kunna na'urarsa.

Na kawo zancen a gidan Malam Haruna muna cin abinci. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ake yi, Sa'idu. Dattijo ne, gwada ka yake yi. Kar ka yi masa gaggawa irin ta mutanen nan."

Anti Rakiya ta ce, "Malam, ka ƙyale yaron nan da zancen gwaji. Ni da nake zuwa kilinik da shofin a kantunansu na fi ku sanin su. Mutanen nan ba su san kara ba. In kana son abu ka buɗe baki ka ce kana so. Semesta tana tafiya fa."

"Ke dai ba ki san sha'anin manya ba."

"To. Allah ya ba manya lafiya."

Na bi maganar Malam, domin ita ce ta yi daidai da abin da ke raina.

Zafi ya wuce, ganyaye suka yi ja suka zube. 'Yan ajinmu duk sun gama ɗauka, har da wanda ya ƙarar da fim ɗinsa a kan karensa. Malaminmu na fim ya fara tsayar da ni a ƙofar aji yana tambaya, ina cewa ana kan shiri. Wata Asabar na yi niyyar ko da gefe-gefe in taɓo zancen, sai Baba Silas ya ajiye jita ya ba ni labari. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce wasu samari sun zo daga arewa da na'ura da kyamarar hoto. Ya saka kwat ɗinsa ta coci ya fito, suka ce ya koma ya sako tsummokaran gona, sun fi dacewa da kiɗan. Ya sako, ya yi musu kiɗa har yamma, suka tafi. Bai sake jin ɗuriyarsu ba, bai ga ko hoto guda ba.

Ya ce, "Tun daga ranar ban sake roƙon kowa ya ɗauke ni ba. Wanda ya shirya ya san hanya."

Ya gyara wuyan rigarsa. Ni kuwa na ji maganar a matsayin gargaɗi, cewa ban kai ba tukuna, na haɗiye abin da ke bakina. Na ƙara himma wajen shara.

Sanyi ya shigo sosai, wata Litinin Loreta ba ta zo aiki ba. Shugaban sashenmu ya ce mahaifinta na asibiti, ya faɗi a bayan gida wajen ba kaji hatsi. Malam Haruna ya kai ni da rana. Na tarar da ita a zaune a baranda ta asibitin da kayan aiki a jikinta. Ta ce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana tana fita amma a karkace, hannun kuwa likita bai ba su fata ba.

Na yi mata jaje. Ta dube ni, ba da faɗa ba, da gajiya, ta ce, "Sa'idu, me kake jira ne duk watannin nan?"

Na ce ina jiran Baba ya ba ni izini.

"Izini? Ya ce ka zo ran Asabar. Wane izini ya wuce wannan? Duk ranar Juma'a sai na wanke rigar nan na sa sitaci na goge, don ya ce ba za a sake ɗaukarsa cikin tsumma ba. Mutumin da ko coci sai an yi rigima yake ɓalla maɓallin wuya. In ka tafi sai ya ce mini, yau ma bai zo da kyamarar ba, ƙila kiɗan bai yi masa ba, bari in ƙara gyarawa. Na ce zan tambaye ka, ya ce in na buɗe baki ba ni ba shi."

Baƙin ciki na ji, mai nauyi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Ni ina jiran ya ce in kawo, shi yana jiran in kawo, kowa yana girmama ɗan'uwansa. A mota Malam Haruna ya yi ta salati, kuma Anti Rakiya, Allah ya saka mata, ba ta taɓa tuna mana maganarta ba.

Da aka sallame shi na karɓo kyamarar na je, ba tare da na aika kowa ba. Na tsaya a gabansa na ce, "Baba, na zo in ɗauke ka."

Ya dubi akwatin kyamarar, ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinya, ya yi dariya da rabin baki. "Ka zo ɗaukar rabin mutum."

Na ce ko waƙar kaɗai ya yi, ba jita. Ya ce bai taɓa waƙa hannu sake ba, ba kuma zai fara a gaban kyamara ba. Can ya motsa yatsun damansa a kan gwiwa, babban yatsan yana tafiyarsa kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Duk zaman da ka yi kana kallon hannuna, ka ga wani abu, ko shara kawai ka koya?"

Loreta ta sa masa farar rigar, ta ɓalla har wuya. Muka jawo benci kusa da taga inda hasken la'asar ke shigowa. Ya rungume jitar da dama, ni na zauna a hagunsa, ɗan baya kaɗan, na zura hannuna na kama wuyanta. Bayan wahalar tawa, wayoyin tasa laushi gare su. Na dasa kyamara a kan ƙafafunta, na nuna wa Loreta abin da za ta danna. Mun yi ta karo da juna da farko, in matsa kafin ya kaɗa, ko ya kaɗa kafin in matsa, yana zagina a hankali. Sai ya fara buga mini ƙafa da ƙafarsa mai lafiya duk inda zan canja, daga nan abin ya zauna. Ya ja waƙa da muryar da ta karkace, na yi masa amshi a bayan kunnensa. Wuƙar aljihu tana kan tebur, ba wanda ya taɓa ta, domin wannan ban iya ba.

Fim ya ƙare, injin ya yi shiru. Baba Silas ya ɗaga haɓa ya ce, "Loreta, zo ki ɓalle mini wannan abin. Tun bazara yake shaƙe ni."

Da aka wanke fim ɗin na ga Loreta ta karkata kyamarar wajen mahaifinta. Shi ya fito sosai, da hula da riga, daga kai zuwa jita. Ni kuwa babu ni, sai hannuna da ya shigo daga gefe. Malamin ya yi ƙorafin tsarin hoton, ya ba ni makin wucewa. Na ari injin nunawa na kai McLeansville, muka rataya zanen gado a bango, Baba Silas ya kalli kansa har sau uku, bai yi zancen kiɗan ba, ya ce dai rigar ta fito. Ya rasu kafin in bar ƙasar.

Bayan na dawo gida na kai fim ɗin garinmu, na haska wa mahaifina a bangon zaure. Ban gaya masa komai ba, na ce wani makaɗi ne na can. Ya zauna ya kalla har ƙarshe, yana kaɗa yatsa a gwiwa. Da bangon ya yi fari ya ce, "Hannun dama na gwani ne. Na hagun nan kuwa na gidanmu ne, kuma bai gama koyo ba."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "To shi ina nasa hannun?"

Na ce yana kan cinyarsa, ƙasa kaɗan da inda hoton ya tsaya.